Ɗari Uku da Arba'in Daga Kwalbati

Duk wanda ya zauna a Dayi ya san Baba Toma, ko da bai taɓa tsayawa sun gaisa ba, domin ƙarar kekensa ake fara ji. Baƙin keke ne dogo irin na da, mai birkin sanda da sirdin fata. Madigadinsa na kaɗawa, sarƙa na gurnani a cikin gidanta, wilin baya kuma yana da wata lotsawa da ke taɓa robar birki a kowane juyi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Idan ka ji wannan da hantsi, sai ka ja akuyarka gefe ka ba shi hanya.

Ni ne Isah mai gyaran keke. Rumfata ce ta ƙarshe a bakin gari, daidai inda hanyar gona ta rabu da kwalta ta nufi daji. Mahaifina Lawal shi ya harhaɗa keken nan ranar da aka kawo shi daga Funtua a cikin kwali, shekarar da Toma ya sayar da audugarsa ta farko. Shi ya sa har na fara furfura bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ɗan Lawal.

An haife shi a Gidan Atu, wata 'yar ruga ta manoma mai tafiyar kamar mil uku daga nan. Atu ɗin ubansa ne, Bamaguje, wanda har ya mutu bai bar tsafin kakanninsa ba. Toma kuwa ya shiga makarantar mishan, aka yi masa baftisma, ya koma gona da littafin waƙoƙi a aljihu. Ya noma auduga lokacin da take auduga, da ta faɗi ya koma masara da waken suya. Mutum ne mai gaskiya, amma taurin kansa ya fi na keken. Idan ya ce noti bai ɗauru ba, to ko ka karya sifana a kai, bai ɗauru ba.

Sannu a hankali mutanen Gidan Atu suka yi ta tasowa bakin titi, wasu don ruwan famfo, wasu don makarantar yara, na ƙarshe kuma don tsoro. Wurin ya zama kufai, manoma suka cinye shi da masara. Toma da matarsa Victoria suka zauna a bayan coci a nan Dayi. Da ciwon ajali ya kama ta, ta roƙi abu ɗaya, a mayar da ita can a binne ta kusa da 'ya'yanta biyu da suka mutu suna jarirai. Haka aka yi. An zagaye kabarin da duwatsu, an kafa gicciye na itace, gara ta cinye shi kafin damina biyu. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma tun daga lokacin, in ban da Lahadi, babu ranar da Toma bai hau keke ya je ya gaishe ta ba.

Yadda yake tafiyar ne ya sa ake magana. Da zarar ya hau sirdi ba ya amsa gaisuwar kowa, ko da fasto ne. Idanunsa suna can sama da kawunan mutane, leɓunansa suna motsi ba tsayawa, ƙarar keken ta rufe abin da yake faɗi. Mutanen coci suka ce waƙar yabo yake yi. Matata Rukayya ta ce wace irin waƙa ce ba ta da sama ba ta da ƙasa, ai iskokin ubansa ne yake hira da su. Yara suka ce keken ne ke tuƙa kansa, shi dai zama kawai yake yi a kai.

Shekara shida da suka wuce na gane abin da ba wanda ya gane. Na gama yi masa faci, na miƙa masa famfonsa ta dama, sai ya miƙo hannu ta hagu ya kama iska. Na ɗaga famfon a gaban fuskarsa, ko ƙiftawa bai yi ba.

Ya ce, “Ɗan Lawal, ka daina kaɗa mini abu a fuska, ina jin iskarsa.”

Na ce, “Baba, tun yaushe?”

Ya ce ya daɗe. Haske da inuwa kawai suka rage masa, ya kan gane bishiya da saniya in sun matso, ban da wannan sai hazo. Sannan ya kama wuyan hannuna ya matse. Ya ce idan ɗansa Enoch ya ji, ranar zai zo daga Kaduna ya kwashe shi, a ajiye shi a ɗaki mai fanka kamar buhun hatsi, kuma ba zai sake taka Gidan Atu ba sai a cikin akwati. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba, na kuwa yi.

Na ce, “To yaya kake kai kanka can, Baba?”

Ya yi dariya ya shafa gangar jikin keken. “Ai shi ya san hanya.”

Wasa yake yi mini, ni kuma na ɗauka da gaske. Kada ka yi mini dariya. Na tashi ina jin mahaifina yana cewa ƙarfe yana da hali, keken da ya saba da mutum ɗaya ba ya yarda da wani. Shekara arba'in da bakwai a kan turba ɗaya, me zai hana ƙarfe ya haddace ta? Na zauna a kan cewa sanin hanyar yana cikin gangar jikin nan, taya da sarƙa kuwa kayan sawa ne, ana tuɓewa a sake wasu.

A tsakiyar daminar bara Enoch ya zo gida. Sa'ana ne, tare muka yi wasan langa, yanzu ma'aikacin banki ne mai tumbi da turare. Yana son ubansa, wannan ba na musu. Sai dai irin son da ba ya tambaya ne. Wata Asabar bayan azahar, tsohon yana barci, ya gunguro keken zuwa rumfata, ya buɗe bayan motarsa ya fito da tayoyi biyu na keken zamani, wilin alminiyon, roba mai kauri da ƙuraje.

Ya ce, “Malam Isah, cire waɗannan rubabbun ka sa masa waɗannan. Kunya nake ji ana jin ubana tun daga tasha.”

Gaskiya wilin baya ya gama yayi, tsatsa ta ci ramukan wayoyinsa har uku sun fita. Na ce masa a bari in sa a nemo irin nasa a kasuwar Funtua, waɗannan ba ajinsu ɗaya ba. Ya ce na kasuwa ai gwangwani ne, ya kuma ƙara da cewa in aikin ya fi ƙarfina ba komai, akwai yaran zamani a Malumfashi. Wannan maganar ita ta ci ni. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Na ɗaure keken a sama na ɗauko kayan aiki.

Keken ya ƙi, tun daga farko. Sandar tsakiyar tayar gaba ta fi bakin fok, ƙarfen da ke riƙe tayar, kauri, ta ƙi shiga ko kaɗan. Na sa magagari na yi ta gurzar bakin, garin ƙarfen da mahaifina ya taɓa da hannunsa yana zuba a kan ƙafata. Ta baya ta fi wahala. Cibiyar sabuwar tayar ta fi tsakanin ƙarafan baya faɗi da yatsa ɗaya da rabi. Na kwantar da keken a ƙasa, na cusa katako, na taka ɓangare ɗaya na ja ɗayan. Ƙarfen ya yi wani irin kuka siriri mai tsawo, har Enoch ya ɗago kai daga wayarsa ya dube ni. Amma na ci gaba.

Haƙoran canza gudu bakwai da suka zo a jikin tayar sun yi wa tsohuwar sarƙa matsi, don haka na kwance su na murɗa tsohon haƙori ɗaya na keken a wurinsu. Sai birki. Birkin sanda daga ƙarƙashin wili yake kamawa, shi kuwa sabon wilin ga shi ƙarami, ga siffarsa daban, ka matse hannun birki roba ta rungumi iska. Na cire sandunan na ɗaura na waya a gaba, na baya kuwa ya gagara. Da na sauke keken ƙasa, tsakanin taya da madigadi hannu zai shige ya fita, feda kuma ta kusa sharar ƙasa. Ya yi kama da dogon tsoho da aka sa wa takalmin jikansa.

Na tura shi ya gangara, babu ƙwas, babu gurnani, shiru kamar kyanwa. Enoch ya yi ta murna.

Tare muka kai masa. Baba Toma yana zaune a kan benci a ƙofar gida. Ya durƙusa ya bi tayoyin da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa, Enoch na zuba bayani a kansa. Ba shi da halin yin faɗa, domin faɗa zai ja tambaya. Daga ƙarshe abu ɗaya ya tambaya.

“Girmansu ɗaya da na da?”

Enoch ya ce, “Ɗaya ne mana, Baba. Taya ai taya ce.”

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. Na san inci ashirin da takwas na cire, na san ashirin da shida na sa. Amma na ce a raina gangar jikin tana nan, ita ce mai sanin hanya, inci biyu me zai rage mata? Ga Enoch tsaye, ba na so in zubar da aikina a gabansa. Na yi gum. Wannan shirun har yau yana ci mini rai.

Lahadi Enoch ya koma Kaduna. Litinin da hantsi ina ɗaure wa wani mai nono kariyar ɗaukar kaya a bayan kekensa, sai ganin Baba Toma na yi a gabana, ban ji zuwansa ba. Ya wuce dab da rumfar, kuma a karon farko a rayuwata na ji abin da leɓunansa ke faɗi, tun da babu ƙarar da za ta rufe shi.

“Ɗari da sha bakwai. Ɗari da sha takwas. Ɗari da sha tara.”

Duk lokacin da ƙafarsa ta dama ta danna feda, lamba ɗaya. Ba waƙa ba ce, ba iskoki ba ne. Na tsaya da sifana a hannu ina kallon bayansa har masara ta haɗiye shi, kuma abin kunya, farko dariya na yi, na ce bari Rukayya ta ji. Sai da na juya na ga tsofaffin tayoyinsa jingine da ginshiƙi na gane lissafin hanya yake yi.

Na ɗauki gawayi na yi wa tsohuwar tayar alama, na gungura ta juyi goma a ƙasa na ja layi. Na ɗauko wata mai ashirin da shida na yi mata haka. Ta tsaya taku biyu kafin layin. Taku biyu a juyi goma. Daga gari zuwa kwalbatin da ke kan hanyar ban damu ba, kwalbatin da kanta za ta girgiza shi ta gaya masa inda yake. Amma daga kwalbati zuwa kufai babu komai sai masara hagu da dama, dogaye sun fi mutum, duk inuwarsu ɗaya. Lissafinsa zai cika shi kuwa bai kai ba, ya karya hagu a inda ba nan ba ne.

Na bar mai nono da kariyarsa a ƙasa na tayar da babur. An yi ruwa da asuba, sawun ƙurajen sabuwar tayar ya fito sarai a laka, na yi ta binsa. Na haye kwalbati. Can gaba, saura tafiya kaɗan a kai mashigar kabarin, sawun ya karya hagu tsaf, ba tangarɗa ba shakka, ya shiga wata 'yar siririyar iyakar gona da ciyawa ta rufe. Na kashe babur na shiga da ƙafa.

Keken yana kwance a ciyawa. Gaba kaɗan akwai bishiyar ɗorawa, irin wadda ke kan kabarin, a ƙarƙashinta kuma da'irar duwatsu. Baba Toma yana durƙushe, hannunsa ɗaya a kan dutse, ya sunkuya gaba. Tsohuwar rijiyar Gidan Atu ce, wadda aka bari tun ina yaro, bakinta a buɗe, gwiwarsa ba ta kai tafin hannu daga gefen ba.

Yana magana a hankali. Yana ba Victoria labarin Enoch ya yi ƙiba, masarar bana ta yi kyau, gwiwarsa ta hagu tana damunsa. Ya kan faɗi kaɗan ya dakata. Kuma duk lokacin da ya dakata, wata murya na tasowa daga ƙasa, siririya, ba ta kai tasa kauri ba. Na ce wa kaina amsa-kuwwa ce, rijiya ai haka take. Amma na tsaya ina saurare, domin muryar ta kan ɗauki tsawon da ya fi abin da ya faɗa.

Na lallaɓa na rungumo shi ta baya na ja, muka zube tare a ciyawa. Bai firgita ba.

Ya ce, “Ɗan Lawal ne? Ka katse mata magana.”

Na gaya masa komai. Na ce tayoyin ƙanana ne, na sani na yi shiru, nan ba kabari ba ne, rijiya ce. Ya miƙa hannu ya sake shafa dutsen.

“Rijiyar Atu,” in ji shi. “Ɗari uku da arba'in daga kwalbati, ban taɓa kuskure ba. Yau ya kawo ni nan.” Ya yi murmushi. “A nan na fara ganinta, tana jan guga. Wata uku ina gaishe ta ba ta amsawa. A bakin dutsen nan ta fara amsa mini.”

Na ce gobe zan mayar masa da tsofaffin tayoyinsa, ko da walda ne sai na tashe su.

Ya ce, “Ka bar su yadda suke. Shekara goma sha ɗaya ina magana da duwatsu can, ko tari ban taɓa ji ba.”

Kwana biyar na yi ina rufe rumfa da hantsi ina binsa daga nesa. Kullum lissafinsa a rijiyar yake sauke shi, kullum sai ya ƙara matsawa bakin, ni kuwa ina maƙale a cikin masara ina kallonsa. Abu biyu ne a gabana, ko in karya alkawari in kira Enoch, ko in zuba ido wata rana in tarar da keke shi kaɗai. Sai na ga kamar na samo hanya ta uku, har na yaba wa kaina.

Ranar Lahadi, yana coci, na ɗauki 'yan ƙwadago biyu da gungumen itace da tsofaffin kwanon rufi muka tafi. Kafin mu fara, na sa su jira a bakin hanya, na kwanta rub da ciki na leƙa. Duhu ne da saiwoyi, da warin laka. Na yi sallama da ƙarfi. Babu abin da ya dawo. Na sake ɗaga murya na kira sunana, rijiyar ta haɗiye shi kamar na yi magana a cikin buhun auduga. Na jefa dutse, sai can na ji ya faɗa cikin taɓo. Ban gaya wa 'yan ƙwadagon komai ba. Muka jera itace, muka shimfiɗa kwano, muka bi da ƙasa muka daddaɓe, na bar duwatsun bakin yadda suke don hannunsa ya same su.

Litinin ya wuce da lissafinsa kamar kullum. Ban bi shi ba, na ce yau dai zan yi aiki da kwanciyar rai. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga shi ya dawo a ƙasa, yana tura keken, wandonsa duk jar ƙasa. Ya laluba ya jingine shi da ginshiƙin rumfata, ya zauna a kan bencin masu jira.

Ya ce, “Ka rufe.”

Na ce, “Baba, tsoro na ji kada ka faɗa.”

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na samu sauƙi. Ya ce ya kira ta ya kira ta, ya sa kunne a ƙasa, shiru. Daga nan ya lallaɓa da ƙafa har kabarin, can ma shiru, irin wanda ya saba. Na ce in yana so zan je in buɗe yanzu-yanzu. Ya ce a'a, wanda aka rufe wa baki sau biyu ba a sake tashinsa.

Sannan ya ce, “Ɗauko wayarka ka kira mini Enoch. Ka gaya masa ubansa ba ya gani.”

Na roƙe shi, na ce ai ba wanda ya sani, zan tashi tsofaffin tayoyin, komai ya koma yadda yake. Ya ce in kira. Na kira, hawaye na zubo mini a gaban mutanen da suka kawo faci.

Laraba Enoch ya iso. Ya yi kuka, ya yi mini godiya da na lura da ubansa, godiyar da ta fi mini zagi ciwo. Aka sa akwatin tsohon da littafin waƙoƙinsa a bayan mota, aka zaunar da shi a gaba aka ɗaura masa bel. Keken ya ce a bar mini, yana nan rataye a rumfata da sababbin tayoyinsa, ban hau ba, ban kuma sayar ba.

Na sunkuya ta taga don mu yi sallama. Ya laluba ya kama wuyan hannuna kamar ranar alkawari, ya tambaye ni a hankali yadda Enoch ba zai ji ba.

“Isah, daga nan zuwa Kaduna nawa ne?”

Ranar ce kaɗai ya taɓa kiran sunana. Na ce ban sani ba, Baba. Ya sake ni, ya gyara zama, ya ɗaga idanunsa sama da kawunan mutane. Kafin motar ta hau kwalta, ina tsaye ina ganinsa ta taga, ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa, leɓunansa sun fara motsi.